Wane icce mai fure zan dasa a tsakar gida wanda ba ya kaɗe ganye da rani?

Maman_Nana:
Assalamu alaikum ƴan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen masu garka da duk wanda ya taɓa gwadawa. Mun tare a sabon gidanmu can bayan unguwar Zariya a nan Maradi, wurin rairayi ne zalla ko ciyawa babu, rana tana dukan tsakar gidan tun hantsi har la'asar. Ina so in dasa wani ɗan icce mai fure jikin katanga, ba mai girman dogon yaro ba da saiwarsa za ta fasa mana siminti, wanda kuma zai zauna kore shar har cikin watan 4. Na je wajen masu pepiniyar, wato masu sayar da dashen itace, na bakin titi, mai wurin ya nuna mani loriye roz ya ce shi ba ya jin rana ba ya jin ƙishirwa, furensa ruwan hoda gwanin kyau. Har na kusa biya sai na tuna ina da awaki da ƴan yara ƙanana, na ce bari in tambaya tukuna. Wa ya san shi? In ba shi ba me kuke gani zai yi a ƙasarmu ta nan?

Dan_Gulbi:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah sa albarka a sabon gida. Wajen juriya mai pepiniyar bai yi maki ƙarya ba, loriye in ya kama ƙasa ya kama kenan, ganyensa mai kauri ne ba ya yaushi. Amma tunda kin ambaci awaki ki dakata har masana su yi magana.

Likitan_Bisashe:
Hajiya dan Allah kar ki shigar da loriye gidan da ke da yara da bisashe. Aikina kenan, dabbobi nake dubawa. Iccen nan guba ne tun daga saiwa har fure, ganye da ɓawo da ruwan da ke fita in an karya reshe duka. Gubar zuciya take kamawa, dabba ta fara dalalar da miyau, zawo, ta kasa tsayuwa, bugun zuciya ya rikice, sau da yawa kafin a kira mu ma ta riga ta tafi. Kuma ba sai ta ci da yawa ba, ganye kaɗan sun isa su kashe tunkiya. Abin da mutane ba su sani ba, bushewa ba ta kashe gubar. Ɗanyen ganyen yana da ɗaci shi ya sa akuya ke kauce masa, amma busasshe in ya faɗi ya gauraya da harawa ko dusa ba ta bambancewa. Haka hayaƙinsa, ba a hura wuta da iccensa, ba a kuma yin tsinken tsire da shi.

Bagobira_Tibiri:
Wallahi gaskiya likita ya hwaɗi. Mu munka gani da idonmu. Maƙwabcinmu ya sassabe nashi ya zubda rassan bayan gida, yara sunka kwaso da sauran haki sunka zuba ma ragon layya. Da marece ragon ya ƙi tashi, kahin asuba ya mutu. Ba da gangan ya yi ba bawan Allah, shi ma bai sani ba, har kuka ya yi. Tun ran nan ya tumɓuke shi.

Abu_Sabongari:
Allah mayar da alheri Inna. Amma ni fa a gidanmu akwai loriye tun ina yaro, mun yi wasa a gindinsa mun girma, awakin tsohuwarmu suna kai da kawo babu abin da ya taɓa samun ko ɗaya. Ina ganin ana ɗan zuzuta abin. Ai tumfafiya ma ana cewa ruwanta na ɓata ido kuma ga ta nan ko'ina cikin gari.

Likitan_Bisashe:
Malam Abu Allah ne ya tsare, kuma na tabbata gidanku ana share ganyen kullum, awakin kuma a ƙoshe suke. Ka duba akuya cikin watan 5 lokacin da babu ɗanyen haki ko ɗaya a gari, har kwali da leda take ci. A lokacin ne ake samun matsalar. Ban ce a sare na makarantu da ofisoshi da ke da shinge ba, magana nake kan tsakar gida mai yaro ɗan rarrafe wanda duk abin da ya tsinta baki yake kai wa.

Hajiya_Mai_Fulawa:
Ƙanwata ki nemi bugenbiliye kawai ki huta. Ita ce wannan da kike gani ta hau katangun manyan gidaje ta zubo waje, ja ko shuni ko fara ko ruwan lemu. Rana ita ce abincinta, wurin da kika ce rana na duka har la'asar ɗin nan shi take so. Ni tawa tana jikin katangar yamma inda ko zogale wahala yake sha, kuma lokacin da ta fi yin kyau shi ne da rani, daga sanyi har cikin zafi, sanda komai ya yi fari fat da ƙura ita tana nan jawur. Abu biyu kawai zan gaya maki tun yanzu, tana da ƙaya mai zafi, kuma za ki yi shara don furen yana zuba kullum.

Maman_Nana:
Na gode Yaya Hajiya, na gode likita wlh kun tsoratar da ni, loriye kam na fasa. To ita bugenbiliyen ba ta da guba? Kuma awaki ba su cinta?

Hajiya_Mai_Fulawa:
Ba irin ta loriye ba ce ko kusa, sai dai ƙayar in ta soke ki wurin yana ƙaiƙayi. Awaki kam suna cinta sosai musamman tohon, in ba ki kewaye ta da giriyaji (ragar waya) ko ƙaya ba rana ɗaya za su mayar da ita sanda. Sai ta wuce tsawon da akuya ke miƙewa sannan ki cire.

Dalibi_Agro:
Ina karatun noma a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, bari in ɗan ƙara kan maganar Hajiya. Asalin bugenbiliye daga Kudancin Amurka take, wajen Brazil. Wannan jan abin da muke kira fure a gaskiya ganye ne mai launi, in kika duba tsakiya za ki ga ƴan ƙananan furanni farare guda uku, su ne furen. Abin da ke sa ta fitar da launin nan shi ne rana da ɗan ƙishirwa. Shi ya sa mutane da yawa ke kukan tasu ta yi ganye lif amma ba fure, in ka bincika za ka tarar ruwa ake ba ta safe da yamma ana kuma zuba mata takin zamani na ure. Ure ganye yake sawa. In ta riga ta kafu a bar ƙasar ta bushe tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Sai dai gaskiya ɗaya, tunda tambayar a kan wanda ba ya kaɗe ganye ce, ita in ƙishirwar ta yi yawa ko sanyin watan 1 ya yi tsanani tana rage ganye, ba ta kai loriye riƙe ganye ba. Tana sake tohowa da an ba ta ruwa.

Sani_Kabukabu:
Ni dai tambayata, da tsadar rayuwar nan da kuɗin ruwa, mi za a yi da hure? In za ka ba icce ruwa ka ba wanda za ka ci. Zogale, lemun tsami, gwaiba. Ga mutanen Jiratawa nan da zogale suke gina gidaje suna aurar da ɗiya.

Ummu_Khalil:
Malam Sani wanda ke wuni waje ba zai gane ba. Mace tana cikin gida daga safe har dare, gabanta bulo bayanta bulo, ba abin da ido zai sauka kai ya huta. Ni da na dasa fulawa bakin ɗakina har zaman tsakar gidan ya canza, yara a nan suke karatun allo da yamma. Kuma ai ba a ce kar a dasa zogale ba, ni ina da duka biyun, ruwan alwala da na ɗaurayar shinkafa ya ishe su.

Sani_Kabukabu:
To Hajiya na ji, Allah ba da haƙuri. In ruwan alwala ne ba ni da ta cewa.

Tsoho_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴaƴana. Jikana ne yake karanta mani yana rubuta abin da na ce. Duk kun tafi ga itatuwan turawa kun bar lalle. Da can a Maradi da wuya ka shiga gidan da ke da tsohuwa ba ka tarar da lalle bayan ɗaki ba. Ba ya girma ya fi ƙarfin gida, yana jure rana, yana yin fure ƙanana farare masu ƙamshi wanda da dare in iska ta kaɗo duk gidan sai ya ɗauka. Ganyen kuma ku mata kun san amfaninsa, ba sai kin saya ba ranar suna ko salla, har ki daka ki sayar. Sannan maganar ƙasa, ɗiyata ki sani inda kuke tudu ne. Garin nan asalinsa a ƙasa yake bakin gulbi, ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da shi aka hau da shi sama, to duk sabbin unguwannin nan jigawa ce, ruwa ba ya zama cikinta. Ki sa a ɗebo maki ƙasar fadama ko amalanke guda ki gauraya, in ba haka ba ruwan da kika zuba wucewa zai yi.

Maman_Nana:
Allah ƙara girma Baba, Allah ja kwana. Wallahi lalle bai zo mani a rai ba sam, kuma kakata tana da shi a Madarunfa. Shi yana zama da ganye duk shekara?

Tsoho_Bagalam:
In yana samun ɗan ruwa yana zama. In an bar shi haka nan zai rage ganye da rani amma ba ya mutuwa. Ki riƙa aske shi, in an bar shi ya tsufa yana yin ƴan ƙayoyi kuma gindin ya yi ƙwari ba ganye.

Hajiya_Mai_Fulawa:
Baba ya yi gaskiya wajen amfani, amma ƙanwata in launi kike so wanda za a gani tun daga ƙofar gida lalle ba zai ba ki ba, furensa sai an matso. Ki yi duka mana, lalle kusa da ɗaki, bugenbiliye jikin katanga.

MaiGarka_Sumarana:
Sana'ata kenan tun tasowata, bari in hwaɗi yadda ake dashe don ko wane icce kika zaɓa a nan ake cin nasara ko a faɗi. Kar ki dasa yanzu cikin zafi komin yadda mai pepiniyar ya lallashe ki, ki jira ruwa ya zauna, ƙarshen watan 6 zuwa watan 7, ko ki haɗa da ranar dashen itace 3 ga watan 8. Ruwanmu na nan kusan milimita 500 ne a shekara kuma duk cikin watanni huɗu na damina yake sauka, to icce yana bukatar ya ci damina guda yana saka saiwa kahin hunturu ya same shi. Rami ki sa a gina rabin mitir zurhi rabin mitir faɗi, ki ja shi nesa da katanga kamar taki ɗaya babba don siminti yana ɗaukar zafi ya gasa shuka. Ƙasar da aka fitar a gauraya da takin awakinki amma wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari, ɗanyen taki ƙona saiwa yake kuma gara yake kira. A zuba ƙasar fadama kamar yadda Baba ya ce, da ɗan toka. A cika ramin a ba shi ruwa ya kwana biyu ya lafa. Ranar dashe da marece, ledar kar a ja ta, a yanka ta da reza daga gindi a zare a hankali, ita bugenbiliye saiwarta laushi gare ta in ƙasar ta watse shi kenan sai ta yi ta yaushi har ta bushe. Kar a binne wuyan iccen fiye da yadda yake cikin leda. A yi mashi ɗan kwano kewaye don ruwa ya tsaya.

Dan_Gulbi:
Madalla da wannan bayani Malam. Ni garar nan ce ta hana ni sakat, duk abin da na dasa sai in ga ƙasa ta hau jikinsa.

MaiGarka_Sumarana:
Gara ta fi kama iccen da ya riga ya galabaita da ƙishirwa. Ka duba ko kana tara kara ko ɓawon gyaɗa dab da gindin, rufe ƙasa yana da kyau don yana riƙe laima amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin iccen. Toka kewaye, da ruwan ganyen dogon yaro ko na ƴaƴansa da aka daka aka jiƙa ya kwana. Ba ya ƙare ta amma yana korarta.

Fati_AliDanSofo:
Ni matsalata ruwa. Unguwarmu pampo sai tsakar dare yake zuwa wani lokacin ma ya ƙi, bido (jarka) muke saye wajen ƴan garuwa. Ta yaya mutum zai riƙe fulawa a haka?

Dalibi_Agro:
Anti Fati akwai dabarar tulu. Ki samu ƙaramin tulu na ƙasa irin na Jiratawa wanda ke tsatsafo, ba mai fenti ba, ki binne shi har wuya kusa da shukar kamar taƙi ɗaya, ki cika shi da ruwa ki rufe bakin da sakaina ko tsohon faranti saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali kai tsaye wajen saiwa, rana ba ta shanye shi kamar wanda aka watsa a sama. Sai ki riƙa leƙawa in ya yi ƙasa ki ƙara. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna yi, amma banda ruwan wanki mai omo da yawa ko mai jabel (bilic), gishirinsu yana taruwa a ƙasa ya ƙone bakin ganye.

Ummu_Khalil:
Wannan na tulun na gani wajen wata maƙwabciyata kuma yana yi, in ka tona gefen za ka ga saiwoyi sun nannaɗe tulun.

Rabi_Dakoro:
Ba wanda ya ambaci ibiskis? Mai babban jan furen nan, ganyensa kore mai sheƙi duk shekara. Ni shi na fi so.

Hajiya_Mai_Fulawa:
Yana da kyau ƙwarai Rabi, dangin yakuwa da kuɓewa ne in kika duba furen za ki gane. Amma shi ɗan gata ne, ruwa yake so kullum kuma ranar watan 4 da zafi ke wuce 40 tana zubar masa da ƙunshin fure kafin ya buɗe. Sai inda ke samun inuwa da rana tsaka. Ga wasu fararen ƙwari kamar auduga da ke manne masa a toho, sai an bi da ruwan sabulu ana wankewa. Ga wanda ke sayen bido ban ba shi shawara ba. Tsakar gidan da Maman Nana ta kwatanta ba zai ji daɗi ba.

Alhaji_Transit:
Ku yi hattara da maganar macizai. Duk iccen da ya yi duhu jikin katanga maɓoya ce. Ni shi ya sa na hana a gidana.

MaiGarka_Sumarana:
Alhaji ba iccen ke kawo su ba, tarin shara da ɓeraye a gindinsa ne. In an aske rassan ƙasa har ana ganin gindin fes ana kuma sharewa babu abin da zai zauna. Askin bugenbiliye bayan ta gama fure ake yi, a sa safar hannu ko a naɗe hannu da tsumma saboda ƙaya, kuma a sabon toho take fure don haka askin ƙara mata yake.

Malam_Gandun_Daji:
Na daɗe ina karantawa. Abin da ke damuna shi ne duk mun raina namu na daji. Kalgo da sabara suna nan kore da rani ba mai ba su ko ɗigo. Yankin nan namu shi aka sani a duniya da sassaben zamani, tun shekarun 1980 da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya yi aiki da manoman karkarar Maradi suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gona, ga shi yau gonaki sun cika da itace. Wannan ilimin bai shigo cikin gari ba, kowa sai abin leda. Ga kariya ma, furenta ya fi na fulawa da yawa da ake sayarwa kyau.

Likitan_Bisashe:
Malam ina tare da kai a kan kalgo da sabara, amma kariya a cire ta daga lissafin Hajiya. Dangin loriye ce, ruwanta dafi ne tun da can mafarauta sun san shi, kuma ita da rani tsirara take zama ba ganye sai fure. Haka wannan mai furen rawaya kamar ƙararrawa mai siririn ganye da ake yin shinge da shi, ƴaƴansa suna da guba sosai kuma yara suna son wasa da su. In mai pepiniyar ya nuna maki shi ki wuce.

Abu_Sabongari:
To likita na kira tsohuwarmu na karanta mata abin da ka rubuta, ta ce ita tun da can ta sani shi ya sa take share ganyen da kanta ta binne ba ta bari a kai bola. Amma ta ce ba za ta sare ba don mahaifinmu ne ya dasa. Na ce a sa masa giriyaji saboda jikoki.

Likitan_Bisashe:
Hakan ya yi Malam Abu, a gaida Inna. In Allah ya kiyaye yaro ya tauna kar a tsaya ba shi madara ko manja a gida ana jira, a ɗauki ganyen a tafi da yaron likita nan take a nuna masu.

Maman_Nana:
Allah saka wa kowa da alheri, na ƙaru sosai. Na nuna wa maigidan, shi har yanzu loriyen ne ya kwanta masa, ya ce to a dasa shi waje bakin ƙofa tunda yaran ciki suke. Ni kuma raina ya rabu tsakanin lallen Baba da bugenbiliyen Yaya Hajiya. Tulun kam zan saya ko wanne aka dasa.

Bagobira_Tibiri:
A'a ɗiyata ki ba shi haƙuri, waje ya hi muni. Bisashen unguwa duka nan suka biyowa, ga ƴan makarantar allo. In na wani ya ci ya mutu ina za ku sa kanku da maƙwabta.

Fati_AliDanSofo:
Ita bugenbiliyen dole sai an saya ko ana iya yanko reshe a dasa? Akwai wata mai ruwan lemu a gidan ƙanwar mijina da nake so.

MaiGarka_Sumarana:
Ana yi. Ki yanko reshen da ya fara ƙwari ba ɗanye sharaf ba, kaurin fensir, tsawon taƙi guda, ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu a sama. Ki soka cikin leda mai rairayi da ɗan taki, ki ajiye a inuwa, laima kawai ba jagab ba. Ki yi da yawa don ba duka ke kamawa ba, kuma kar ki riƙa zarowa kina duba saiwa, in kin ga sabon toho ya tsaya da ƙarfi to ta kama. Farkon damina ya fi. Lalle ma haka ake yi kuma shi ya fi saurin kamawa.

Hajiya_Mai_Fulawa:
Maman Nana in ruwa ya sauka ki yi mani magana ta akwatin saƙo, zan aske tawa lokacin, ja da fara duk akwai sai ki turo yaro ya karɓa. Fati ke ma in mai ruwan lemun ta kama ki ajiye mani ɗaya, na daɗe ina nemanta.